Zane a gefen littafi: wa ya gwada, kuma me ya gani?

Ɗalibar aikin jinya:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a karatun jinya, kuma darasin zagayawar jini ya daɗe yana ba ni wahala, domin nakan haddace sunayen sassan zuciya da dare, amma kafin gari ya waye duk sun cakuɗe mini. Makonni uku da suka wuce na fara zana zuciyar da hannuna, ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, ina ja da shuɗin biro inda jini ke dawowa daga jiki zuwa ɓangaren dama ya wuce huhu, da jan biro kuma inda yake dawowa daga huhu zuwa ɓangaren hagu ya fita zuwa jiki. Na ga sauƙi, sai dai zanen yana cin lokaci sosai. Ina neman jin abin da ya faru da waɗanda suka riga ni gwadawa.

Malamin labarin ƙasa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Shekaruna da dama ina koyar da taswirar Nijeriya a sakandare, kuma abin da na lura da shi shi ne, yaron da ya kwafi taswira daga allo yana kallo yana zanawa ba ya riƙe komai, ko da zanensa ya fi na kowa kyau. Da na gane haka sai na sauya tsari: nakan nuna musu yadda Kogin Neja ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai, ya shigo ta Jihar Kebbi, da yadda Binuwai ya taso daga Kamaru ya bi ta Yola da Makurɗi har suka haɗu a Lokoja, sannan in goge allon tas in ce kowa ya zana daga ka. Zanen farko yakan fito a karkace, wani ma yakan kai Lokoja kusa da teku, amma idan suka buɗe littafi suka gyara kuskuren da jan biro, wurin da aka gyara ɗin shi ne ba sa sake mantawa. Shawarata ita ce ki rufe littafin kafin ki ɗauki biro.

Ɗalibin fiƙihu:
Ni a babin gado na ga amfaninsa. Idan Malam ya kawo mas'ala, misali mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, nakan rasa kan zaren tun kafin ya gama faɗa. Yanzu nakan sa mamacin a tsakiyar takarda, uwa a sama, mata a gefe, 'ya'ya a ƙasa, in rubuta tumuni (ɗaya bisa takwas) kusa da mata, sudusi (ɗaya bisa shida) kusa da uwa. Da zarar na yi haka sai in ga asalin mas'alar, wato adadin kason da za a raba dukiyar, 24 ne, mata ta ɗauki 3, uwa 4, saura 17 ba za su rabu kashi biyar ba (biyu-biyu na maza, ɗaya na mace), sai a ninka komai sau biyar ya zama 120, kowane namiji ya sami 34, macen ta sami 17. Wanda ya hana wani gado kuma nakan ja layi daga shi zuwa wanda ya shamakance. Mahaddatan Alƙur'ani ma sun san wani abu makamancin wannan, shi ya sa ake hana su sauya bugun da suka saba da shi, domin ido yana riƙe inda aya take a shafi.

Wata da ta kammala jami'a:
Ni dai ban ji daɗin abin ba, kuma gara in faɗi gaskiya. A shekarata ta ƙarshe na sayi alƙaluma masu launi goma sha biyu, na shafe kusan wata guda ina ƙawata takardu da rassa da kibiyoyi, har abokan ɗakina suna ɗaukar hoto da waya. Ranar jarrabawa na tuna launin kowane reshe da wurin da yake, amma bayanin da ke ƙarƙashinsa ya tsere, kuma tambayoyin duk na sharhi ne masu neman hujja a jere. Da ƙyar na tsallake wannan kwas.

Malamin jami'a:
Abin da 'yar'uwarmu ta faɗa bai saɓa wa na Malamin labarin ƙasa ba. Tun 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Allan Paivio, ya yi bayanin cewa abin da aka ajiye a ƙwaƙwalwa ta hanyar kalma da hoto a tare ya fi sauƙin tunowa. A 2016 kuma masu bincike a Jami'ar Waterloo suka ba mutane jerin kalmomi, wasu a zana su, wasu a maimaita rubuta su, sai aka tarar an fi tuna waɗanda aka zana nesa ba kusa ba, kuma kyan zanen bai sauya sakamakon ba. Sai dai a lura, kalmomi ɗai-ɗai aka gwada a wannan binciken, don haka ba zan ɗauke shi hujja a kan darasin sharhi ba. Ni kaina ina zane ne kawai idan abin yana da siffa ko hanya ko dangantaka, sauran kuwa rubutu nake yi.

Ɗalibar aikin jinya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na bi shawarar Malam na rufe littafi, cikin minti biyar na gama, sai na tarar na sa ɓangaren dama na zuciya a hannun dama na takarda, alhali a zanen likitanci a hagu yake fitowa, tamkar mutum yana fuskantarka. Ashe makonni ukun nan ina kwafa ne ban taɓa lura ba. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada da ƙoda.