Wa Ya Zaunar da Ku Ya Yi Muku Bayani Lokacin da Kuka Shiga Jami'a?

'Yar Funtuwa: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbin karatu, wata mai kamawa za ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai. Umma ta ce ni zan yi mata bayanin kula da kanta, wai ni ce 'yar boko. Na rasa ta inda zan fara, don ni ma ba wanda ya yi min. Ranar da aka tara mu sababbin ɗalibai, awa uku aka yi kan ƙungiyar asiri da satar jarrabawa da shigar banza. Likita ya tashi ya yi minti biyar kan kwalara da gidan sauro, ya zauna. Don Allah kowa ya faɗi yadda ya koya.

Maman Biyu: Ni da wahala na koya. Ina aji ɗaya ƙaiƙayi ya kama ni, ga farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. 'Yan ɗakinmu suka yanke hukunci: sanyi ne, a banɗaki na ɗauka. Na sayi fo na kaina ina ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Kemis ya haɗa min kafso, na sha, abin ya lafa ya dawo. Wata ta ce in riƙa tsarki da ruwan bagaruwa da alif, na yi har wurin ya soma tsagewa. Wata huɗu ina wannan fama, ban gaya wa kowa a gida ba, tsoro nake a ce na lalace. Ranar da na kasa zama a aji na je asibitin makaranta ina kuka. Aka yi gwaji, ashe irin ƙwayar nan ce ta fangas da budurwa ma kan samu, kuma kafson da nake sha shi ke ƙara hura ta. Maganin mako ɗaya ya raba mu.

Anti Nas: Maman Biyu, irinki nake gani kullum. Kalmar "sanyi" ɗin nan buhu ce, an zuba cututtuka kusan biyar a ciki, kowace da maganinta. Ruwa fari ko garai-garai, marar wari, marar ƙaiƙayi, ba ciwo ba ne, jiki ne ke wanke kansa. In ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko yana ƙarni, ko da ciwon mara, a zo a gwada. Wanda ake ɗauka ta saduwa in aka bar shi yana iya toshe hanyar ƙwai, sai bayan aure a yi ta yawon neman haihuwa. Ku duba rasit ɗin kuɗin makaranta, da yawa akwai inshorar lafiya ta ɗalibai, TISHIP, kun biya ba ku sani ba.

Ɗan Aji Huɗu: Mu maza an fi barin mu a duhu. Abokin ɗakina fitsari na yi masa zafi har da mugunya, sai ya nufi mai maganin nan da ke tallar lasifika a bakin tasha, ya dawo da jarka. Da ƙyar muka kai shi asibiti. Ni kuma sai da na je ba da jini aka ce a gwada ciwon hanta, a nan na fara jin cewa nau'in B na bin jini da saduwa, kuma yana da rigakafi, allura uku cikin wata shida. Na yi.

Baban Yara: Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Wannan buɗe-buɗen ba zai koya wa yara abin da ba su sani ba? A ce musu su kame kansu, shi ke nan.

Malam na Islamiyya: Alhaji, kamewa ita ce gaba, ba musu. Amma yaranmu suna karanta babin haila da janaba da wanka tun suna 'yan shekara goma sha biyu, ba wanda ya ce an lalata su. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Mu mun koyar da hukuncin jinin, ba mu da ilimin abin da ke jawo shi ya wuce kwanakinsa. Ɗalibata ta tambaye ni, sai na tura ta wurin matar ƙanena da ke aikin unguwarzoma.

Baban Yara: Allah gafarta Malam, in mace ce za ta koya wa mata, na yarda.

Ba Suna: Ƙawata aka yi wa fyaɗe a hanyar dawowa daga karatun dare. Mun ɓoye kwana biyar. Da muka je, likita ta ce akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma sai an fara cikin awa 72. Allah ya tsare ta, gwaji ya fito lafiya, amma watannin jiran nan ba na fatan su ga maƙiyina. 'Yar Funtuwa, ki gaya mata wannan ko da bakinki zai yi nauyi.

Ɗan Aji Huɗu: Ki ƙara da gwajin rukunin jini na sikila tun kafin soyayya ta yi nisa. A Kano tun 2024 doka ce a yi shi tare da na ƙanjamau da hanta kafin ɗaura aure. Na ga waɗanda suka gano AS da AS ne, wato dukansu na ɗauke da ƙwayar sikila, bayan an kai lefe.

'Yar Funtuwa: Na gode, na kwafe duka. Anti Nas, allurar sankarar bakin mahaifa fa? Shekararta 18.

Anti Nas: Wadda gwamnati ta fara bayarwa kyauta a 2023 ta 'yan shekara 9 zuwa 14 ce. Mai 18 ma tana iya yi, sai dai galibi da kuɗi. In akwai autarku a gida, ita ki fara kaiwa.