Na koma Resident Evil 4, hannuna ya manta

Ɗan Dare: Jama'a, wata takwas rabona da wasan bidiyon nan Resident Evil 4, sabon na 2023. Jiya na kunna, na tarar da Leon, jarumin wasan, a gidan sarautar mugun nan Salazar, harsashi shida kacal, wuƙa ta kusa karyewa. Har maɓallin kare sara na manta. In ci gaba ko in koma farko?

Mai Nazari: Koma farko, ɗan'uwa. Maƙiyin nan mai zarto na ƙauyen farkon wasan zai dawo maka da hannunka.

Tsohon Hannu: A'a, kada ka zubar da wahalarka. Ɗan kasuwan cikin wasan zai gyara wuƙar. Harbi ƙafar maƙiyi, in ya durƙusa ka kai masa shuri, harsashi sai ya yi auki.

Ɗan Dare: Na gode, yaya, dabarar ta yi aiki. Amma wallahi raɗar maƙiyan nan masu baƙaƙen riguna na gidan sarautar har yanzu tana tayar min da tsigar jiki.