Neman kalma: sake ɗurin harsashi da zubin darma

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi za a ɗauki shirinmu, rahoto ne kan maharban Amurka masu zuba kan harsashinsu da darma su mayar cikin tsohon kwanso. "Reloading" da "mould" sun tsaya min a wuya. A taimaka kafin isha.

Ɗan Ƙofar Wambai: Wa alaikumus salam. Fara raba kayan tukuna. Harsashi a bakin mutane duka ne: kwanso, albarushi, ɗan abin da ke gindi mai tayar da wuta, da kan da yake fita. Kan kaɗai ake zubawa. Ka ce "zubin kai". In ka ce "sake ɗuri" kawai, mai sauraro zai ɗauka bindigar ake ɗurawa. Ka ce "ɗurin kwanso".

Baba Maƙeri: Abin zubawar kuwa mazubi ne, ɗana. Ɓari biyu ne na ƙarfe ko alminiyam, da maƙalli, da faranti a sama mai huda. A zuba narkakkiyar darma ta hudar har ta yi tozo, a jira daƙiƙu kaɗan ta daskare, a bugi farantin da sandar katako ya yanke tozon, a buɗe kan ya faɗa bisa tsumma. Abin da aka yanke ɗin cibiya ce. In mazubi bai yi zafi ba kan zai fito da tamoji, gefensa bai cika ba. In zafi ya yi yawa sai ya fito fari-fari, kuma in an yi gaggawar yankewa darma ta shafe farantin.

Malamar Kimiyya: Baba ya yi daidai. Darma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, amma masu zubi suna kai tukunya wajen 370. Zallarta ta yi taushi, shi ya sa ake gauraya ta: sanannen haɗin kamfanin Lyman mai lamba 2 kashi 90 darma ne, 5 kuza, 5 wani ma'adini da ake kira antimoni. Kuza na sa ta cika lungunan mazubi, antimoni na ƙara tauri. Malam, kada ka fassara antimoni da tozali ko da ka gani a ƙamus. Tozalin kasuwarmu galibi ma'adinin darma ne.

Sarkin Nahawu: Duk wannan zagaye ne. Kalma ɗaya ta isa: harzubi, wato harsashin zubi. Jam'i harzubai. Mai yi, maharzubi.

Ɗan Ƙofar Wambai: Ranka ya daɗe, wa zai gane harzubi a rediyo? Masu bulo ma "mol" suke cewa.

Sarkin Nahawu: Mol! Haka kuke zubar mana da harshe. Bahaushe bai rasa bakin magana ba sai ya ari na Bature?

Malamar Kimiyya: Allah gafarta Malam, harsashin da ka gina kalmarka a kai daga Larabci ya zo, rasas, ma'anarsa ma darma. Albarushi da bindiga su ma can suka fito.

Sarkin Nahawu: Larabci daban, Malama. Ƙarni nawa muna tare? Wanda bai zauna gaban malaman Bayero ba ba zai gane ƙirar kalma ba.

Baba Maƙeri: Mu da ba mu je Bayero ba mu muke riƙe da ludayin. A koma kan aiki. Dattin da ke tasowa bisa narkakkiyar darma kashinta ne. Ana jefa ɗan kaki ko garin katako a juya, a kwashe. Tutiya in ta shiga tukunya ta ɓata haɗin, ya yi gudaji, ba ya cika mazubi. Sannan bayan zubi ana tura kan ta wani zobe ya daidaita kaurinsa, a shafa masa maiko, in ba haka ba darma ta liƙe cikin bututun bindiga.

Malamar Kimiyya: Abu biyu kada su faɗi a fassarar. Ɗanshi kaɗan in ya nutse cikin tukunya, tururi zai watso darmar har fuska. Na biyu guba: ba a yi a ɗaki, ba a ci abinci a wurin, ba a narka farantan batirin mota. Ƙurar darma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Ɗan Ƙofar Wambai: Ka kuma faɗa ƙarara cewa a Amurka ne. Nan Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba izini. Wannan aikin irin su DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na ɗauki zubin kai, mazubi, cibiya, kashin darma, ɗurin kwanso. Gargaɗin doka zai zo a farko. Saura ɗan abin gindin kwanso.

Baba Maƙeri: Ƙyastu.

Ɗan Ƙofar Wambai: Ƙyastu na bindigar da ce, Baba. Ni hula nake gani.

Sarkin Nahawu: Mazubi na yarda, tunda ƙirar ta bi ƙa'ida. Ɗurin kwanso kam ku sa, amma ba da yawuna ba. Harzubi na nan.

Mai Fassara: Edita ya kira. Zan ce "abin tayar da wuta" gobe, ku ci gaba.