Muhawara: A tari yara da jarrabawa ranar da suka dawo hutu?

Malamin Lissafi, Agege: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Maganar da ta taso a taron iyayen yara na makarantarmu a nan Legas nake so mu ƙarasa. Ni dai ina nan a kan bakana: gwajin makon farko, wanda makinsa ke shiga sakamakon zango, shi ne ke dawo da yara aji a kan lokaci. Dogon hutu daga Yuli har Satumba ba ƙaramin abu ba ne. Duk shekarar da aka ce babu gwaji, kujeru a wofi muke koyarwa har mako na biyu, wanda ya zo ɗin ma jikinsa ne kawai a aji.

Maman Ummi, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ban yarda ba. Wa ke yanke ranar dawowa, yaron ko ubansa? Yaranmu gida ake kai su hutu, Kano, Katsina, Sakkwato, kuma sai an haɗa kuɗin mota sannan su taso. Wani yana nan Legas ɗin, amma kuɗin makaranta ba su cika ba, kunyar a kore shi ta sa aka zaunar da shi. Ya zo ran Laraba ya tarar an rubuta masa sifili. Laifin babba ne aka ɗora wa ɗan shekara tara.

Baban Sadiq, Mile 12: Hajiya, a yi haƙuri, ni ina bayan Malam. Gwamnatin Legas tana fitar da jadawalin makarantu tun kafin shekarar karatu ta kama, babu wanda ranar komawa ta zo wa ba zato. Mu iyaye ne muke sakaci da makon farko, muna cewa ai shara da yankan ciyawa kawai ake yi. Tun da aka fara gwajin nan nake dawo da nawa da wuri.

Malama, aji uku na firamare: Baban Sadiq, ka ga amfaninsa a kan iyaye, ni kuma abin da yake yi wa yara nake gani. Yarinya ta yi wata guda da ɗoriya a wajen kakarta, Hausa zalla take ji dare da rana. Ta dawo, ga Turanci a allo, ga Yarbanci wanda doka ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar nan tun 2018. Ran Litinin na miƙa mata takarda, ta riƙe fensir tana juya shi, ta rubuta sunanta ta tsaya, idonta ya ciko. Ba daƙiƙiya ba ce, ita ta zo ta uku kafin hutu. Harshen ne bai riga ya dawo bakinta ba.

Abin da nake yi yanzu, nakan ce kowa ya ba mu labarin hanyarsa. Sai ka ji aji ya kaure: wannan ya ga gadar Jebba a kan kogin Neja, wancan motarsu ta lalace a Mokwa, wata ta lissafo Ibadan, Ilorin, Kaduna, Zariya. Mu ɗauko taswira mu bi hanyar da yatsa, su rubuta jimla uku da Turanci a kanta, mu yi lissafin kuɗin mota na mutum huɗu. Wanda bai je ko'ina ba ya faɗi abin da ya sayar a shagon babansa. Kafin Alhamis na san wanda jadawalin sau ya kuɓuce masa, kuma babu wanda ya yi kuka.

Alaramma, Alaba Rago: Allah ya saka da alheri Malama. Mu a islamiyya ba ma ƙara wa yaro sabuwar hadda bayan hutu sai ya yi muraja'a. Zai zauna gabana ya kawo tilawa, inda ya kakare in ɗaga shi, ya koma ya maimaita. Ina gwada shi ne don in san inda ya zube.

Malamin Kimiyya, Obalende: Alaramma ya taɓo wajen. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko, amma sake koyon abin da aka taɓa sani ya fi koyonsa na farko sauƙi nesa ba kusa ba. Masana ilimi kuma sun tabbatar cewa ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi maimaita karanta shi zaunar da shi. To gwaji yana da amfani, Malam. Saka makin a sakamako ne matsalar. A yi tambayoyi goma kullum da safe, su gyara da hannunsu.

Malamin Lissafi, Agege: Na ji, amma ku zo ajin 'yan sakandare ku ce babu maki ku gani. Ɗan aji shida da WAEC ke jiransa wajen watan Mayu, da ɗan aji uku mai BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba ni da makon da zan kashe a labarin gadar Jebba. Manhajar ba ta jira. A firamare na sallama, a bi hanyar Malama. A waɗannan azuzuwa biyu kam ban janye ba.

Maman Ummi, Idi-Araba: To ko a can ɗin, a mayar da shi Juma'ar mako na biyu mana. Yaron da ya saba barci har hantsi, yanzu ana tashinsa da asuba don ya riga cunkoso samun motar haya ta danfo, ran farko gyangyaɗi yake yi a kan takardar.

Baban Sadiq, Mile 12: Wannan kuma aikinmu ne Hajiya, a karɓe waya a kwantar da su da wuri tun saura mako guda. Amma na yarda da Juma'ar, in dai za a rubuta ranar a jikin katin sakamako tun ran da za a ba da hutu.

Malamin Lissafi, Agege: Zan kai wa shugaban makaranta haka. Wanda ya makara da uzuri kuma, uban ya zo da kansa ya faɗa, sai in ba yaron tasa takardar daban.