Cutar ƙuna a gonakin tuffa da fiyar Turai: abin da muka gani da idonmu

Mai buɗe zance, daga Meknas a Maroko:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa aiki a gonar tuffa ko ta fiyar Turai (ba fiyar nan mai maiƙo ta kasuwanninmu ba, wannan 'yar'uwar tuffa ce) ya ba mu labarin yadda ya haɗu da cutar ƙuna, wadda ƙwayar bakteriya Erwinia amylovora ke haddasawa. A shekarar 2006 aka fara ganinta a nan yankin Meknas. Ni abin da na fara gani a gonar da nake koyon aiki shi ne ɗanyen reshe wanda kansa ya lanƙwashe kamar kan kwagiri, ganyensa ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, amma ya ƙi zubewa.

Wani ɗan'uwa daga Ferara a Italiya:

Wa alaikumus salam Malam. Tun 1994 cutar take a jihar Emiliya-Romanya, kuma fiyar da aka fi nomawa a nan, Abate Fetel, ba ta iya jure mata. Zan faɗi laifina don wani ya amfana. Mai gonar ya ba kowannenmu gwangwanin ruwan bilic, ya ce mu tsoma almakashi bayan kowane yanka, ni kuwa da na ga abokan aiki sun yi mini nisa sai na riƙa tsomawa sai na gama itace uku ko huɗu. Bayan mako biyu layin da na bi ya fara nuna ƙuna, har wani ruwa mai danƙo, launin zuma, yana tsattsafowa daga ɓawon. Mutumin bai yi mini faɗa ba, ya dai kai ni gindin wata itaciya, ya kankare ɓawon da wuƙa, ya nuna mini jan zanen da ya gangara ƙasa da inda ido ke ganin ciwon. Ranar na fahimci dalilin da ya sa suke yanka aƙalla santimita 30 a cikin lafiyayyen reshe, suna ƙone abin da suka sare a ranar.

Wata 'yar'uwa daga Mishigan a Amurka:

Yaya, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiyar, sai dai a ganina almakashi na biyu ne, fure shi ne babbar ƙofa. Idan zafi ya haura digiri 18 a ma'aunin Celsius a lokacin fure, aka kuma sami ruwan sama ko raɓa mai nauyi, ƙudan zuman da manomi ya yi hayar amyarsu don barbara su ne ke ɗaukar ƙwayar daga fure zuwa fure. Tsofaffin manoman nan har yau suna maganar shekarar 2000, lokacin da ƙanƙara ta biyo bayan ɗumin fure, dubban ɗaruruwan itatuwan tuffa suka mutu a kudu maso yammacin jihar. Na kwana biyu ina taya wani fesa maganin kashe bakteriya na streptomycin cikin dare saboda an yi hasashen ruwa da asuba. Ƙananan itatuwan tuffa irin Gala da aka yi wa aure a kan saiwar wani irin tuffa da ake kira M9 su suka fi ba mu wahala, domin da zarar ciwon ya isa gindi sai tugewa.

Mai buɗe zance:

Hajiya, mu a gonarmu ruwan magani mai sinadarin tagulla muke fesawa kafin fure ya buɗe. Mai gonar ya yi jinkirin sare itatuwa shida saboda sun yi 'ya'ya sosai, yana cewa a bari a girbe tukuna, kuma kafin kaka ya rasa layin gaba ɗaya. Bana ya rage takin yuriya, domin sabon tsiro mai laushi ne ya fi kamuwa. Ko akwai wanda ya yi aiki a gonakin fiyar Turai irin Le Conte a Masar ya gaya mana yadda suke yi?