Neman shawara: Ina so in kai Hajiyarmu Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ta ga inda mahaifinta ya sauka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Makka nake zaune. Mahaifiyata ta zo Umara daga Kano, saura mako guda ta koma, kuma tun da ta iso ba ta da zance sai na Jidda. Mahaifinta a ƙasa ya zo aikin Hajji, ta Cadi da Sudan, yana yada zango yana ƙwadago a gonaki don tara guzuri, har ya kai Sawakin, tashar ruwa a gaɓar Sudan, ya hau jirgin ruwa ya ƙetaro Bahar Maliya. Burinta ta ga wurin da ya fara sa ƙafa. Ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, ni kuma Juma'a kaɗai nake samun hutu. Ya zan tsara tafiyar yini ɗaya? Me ya rage a can da za ta gani?

Wani direba a Jidda: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura ka zo da safiyar Juma'a, kantuna a rufe suke, ga zafin Jidda mai gumi. Ku yi Juma'a a Harami, ta ci abinci ta ɗan kishingiɗa, ku taso yadda za ku iso bayan La'asar. Wajen kilomita 80 ne, awa guda a mota. Jirgin ƙasa na Haramaini ya fi sauri, amma a tashar Sulaimaniyya zai sauke ku, sai kun sake neman tasi. Da tsohuwa gara shatar mota. Ka riƙe iƙamarka (takardar izinin zama) da fasfonta.

Wata Hajiya haifaffiyar Jidda: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kakana ma ta Sawakin ya zo, shi kuwa bai koma ba, a nan aka haife mu. Tun a gida ka faɗa wa Hajiya cewa ruwan ya yi nisa da inda yake a da, an cike bakin teku an yi tituna da gine-gine, kada ta je tana neman tekun ranta ya ɓaci. Ku nemi Babul Bunt, ta nan alhazan jirgin ruwa suke shigowa gari, ginin yana nan. Daga nan ku ratsa ta Suƙul Alawi ku nufi Bab Makka, inda ayarin raƙuma ke fita. Wannan ita ce hanyar da mahaifinta zai bi. Gidajen da ya ɗaga kai ya kalla suna nan tsaye, da tagoginsu na katako da ake kira rawashin, mata na ganin waje ba a ganinsu, iska kuma na shiga. Ka sa ta shafa bangon da hannunta. Dutsen murjani ne da aka haƙo a bakin teku, wani wurin har ƙananan bawon kifi za ta gani a jiki. Ni duk lokacin da na bi ta nan sai na yi wa tsofaffinmu addu'a.

Wani ɗalibi: Ƙari kan bayanin Mama. Sayyidina Usman bin Affan ne ya mai da Jidda tashar jiragen Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kafin nan Shu'aiba ake sauka. An yi wa garin ganuwa saboda Turawan Fotugal, waɗanda suka kawo hari a 1517 ba su ci nasara ba, sai a 1947 aka rushe ta. In kakanka ya zo kafin wannan shekarar, to ta ƙofar ganuwa ya shiga. Ku tsaya a Baitu Nasif, an gama gininsa a 1881, Sarki Abdul'aziz ya zauna ciki da ya shiga Jidda a 1925. Akwai tsohuwar bishiyar dogon yaro a ƙofarsa. Magariba ku yi ta a Masallacin Shafi'i. UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Wani ɗan kasuwa: Ni ina ganin wahalar da tsohuwa kawai za a yi a lunguna. Ka kai ta Kurnish, wurin shaƙatawa na bakin teku, ta sha iska, ta ga ruwan Sarki Fahad mai tashi sama mita 312.

Hajiyar Jidda ta dawo: A'a Alhaji, ba ruwa mai tsiri ya kawo ta ba. A ɗauko keken da ake tura tsofaffi a ɗawafi, kada ta hau benen kowane gida, shi ke nan. Bayan Isha'i sai a kai ta Kurnish ta fuskanci yamma, Sudan na can ƙetare, ta ga faɗin ruwan da mahaifinta ya ratso.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata amsoshinku, ta ce mahaifinta tun kafin yaƙin Hitila ya zo, ke nan ganuwar na nan ya shiga. Da na kai kan Babul Bunt sai da ta share hawaye. Na samo keken, na yi magana da mai mota. Mama, ta ce in roƙe ki, in da hali ku haɗu a can ranar Juma'a, tana son jin ko kakanki ya taɓa ambaton mutanen Kano da suka ƙetaro tare.