Turancin kwalin magani da takardar likita: ta ina zan fara?

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum. Da na gama sakandare sai kawuna ya ce in zo in riƙa tsaya masa a kemis. Turancin makaranta ina da shi daidai gwargwado, amma 'yar takardar nan da ake naɗewa cikin kwalin magani ta fi ƙarfina. Ga su "contraindications", ga su "adverse reactions". Jiya wata mata ta kawo takarda daga asibiti, an rubuta "tabs PCM 1g tds x 3/7". Kawu kallo ɗaya ya yi mata ya miƙa hannu kan kantar magunguna. Shi kuma ba mai son tambaya ba ne, in ka matsa sai ya ce hannunka zai faɗa. Na sayi ƙamus, na duba tds, babu. Don Allah masu sani, ta ina zan fara?

Anti Nas, Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba laifin ƙamus ba ne, tds ba Turanci ba ne, guntun Latin ne da likitoci suka gada. Kuma ba su da yawa. In ka ga od, sau ɗaya a rana. Bd sau biyu. Tds sau uku. Qds sau huɗu. Nocte da dare, prn sai in buƙata ta taso, stat kuwa yanzu-yanzu, sau ɗaya tak. Wannan 3/7 kwana uku ke nan, bakwai ɗin kwanakin mako ne. Haka 2/52 mako biyu, 1/12 wata guda.

To takardar matar cewa take: farasitamol, giram 1, sau uku a rana, kwana uku. Ƙwayar da ke kantarku 500mg ce, ka ga biyu-biyu za ta sha, jimla 18.

Amma ni abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne sunan magani. Yawanci kwali suna biyu gare shi: na kamfani da manyan baƙaƙe, da na ainihin sinadarin a ƙasa da ƙanana. Ka saba wa idonka da neman inda aka rubuta "each tablet contains". Panadol farasitamol ne, kuma magungunan mura da yawa akwai shi a ciki. Sai mutum ya sayi na ciwon kai ya haɗa da na mura, yana ganin abu biyu ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka. Babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8, hanta ce ke ji a jikinta.

"Contraindications" su ne waɗanda bai kamata a ba su maganin ba, kamar mai gyambon ciki da ibuprofen. "Adverse reactions" kuwa illolin da zai iya jawowa. Ka sami littafi, kullum ka ɗauki kwali ɗaya cikin waɗanda aka fi saya, ka rubuta kalmominsa da Hausarsu. Za ka ga su ɗin ne dai ke ta maimaituwa.

Baban Sadiya:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, uban yara ne mai yawan zuwa kemis. Roƙona, ɗana, in ka koya ka riƙa yi mana bayani da Hausa. "Teaspoon" 5ml ne, "tablespoon" 15ml, ninki uku. In ka ce wa uwa cokali ɗaya ka yi shiru, wanda hannunta ya kai shi za ta ɗauka. Ka nuna mata ɗan kofin da ke kan murfin, ka sa farce a kan layin. Haka garin amoxicillin na yara da ake zuba wa ruwa: ruwan da aka tafasa ya huce, daidai layin kwalba, a girgiza kafin kowane sha. Sannan ka haddace "for external use only", na shafawa ne. "Suppository" (na cusawa ta dubura) da "pessary" (na cusawa ta gaban mace) su ma ba na haɗiya ba ne, ko da sun yi kama da ƙwaya. Masu kemis da yawa kunyar faɗa suke ji, su miƙo a leda kawai.

Na Maraɗi:

Mu nan abin biyu ya zame mana. Likita ya rubuta da Faransanci, maganin da ya shigo ta Jibiya kuma kwalinsa da Turancin Ingilishi. Abin da ya cece mu shi ne zancen Anti: sunan sinadari kusan ɗaya ne, amoxicilline da amoxicillin. "Comprimé" shi ne "tablet" ɗinku, "gélule" kafso. In baƙonmu ya zo maka da takarda, kada ka firgita.

Ɗan Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, saura ɗaya. Wani tsoho yana sayen maganin hawan jini, an rubuta SR bayan sunan. Jikarsa ta ce ba ya iya haɗiya, ko za ta iya daka masa a koko?

Anti Nas, Zariya:

A'a, kada ta daka. SR na nufin an yi ƙwayar ne ta riƙa sakin maganin a hankali cikin sa'o'i masu yawa. In aka niƙe ta, duka zai shiga jiki lokaci guda, jininsa na iya faɗuwa, jiri ya kwashe shi. Haka in ka ga MR, XL ko "retard". EC ma ba a dakawa, an lulluɓe ta ne don kada ta narke sai ta wuce ciki ta isa hanji. Wannan kuma ba hurumin kemis ba ne ya canza masa. Ka ce ta koma da kwalin wurin likitansa ko wurin mai famasi, su duba wanda zai iya sha.